Mai Bin Bashin da Ba Ya Zuwa Jana'iza

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna shan shayin karak a nan Rayyan, na ji ɗayanku yana cewa wai in ya gaji da gadi mandub zai koma, tunda yanzu aikin danna waya ne kawai a cikin mota mai sanyi. Na ci gaba da shan shayina don kada ya huce. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce yau ku zauna ku ji.

Ga wanda ya sauka jiya, mandub shi ne ɗan aiken kamfani a ofisoshin gwamnati. Bizarka, bataƙarka wato katin zama, gwajin asibiti, lasin tuƙi, duk ta hannunsa suke bi. Kai kana barci a kam, masaukin ma'aikata, shi yana layi da fasfonka a hammata. Na fi shekara ashirin ina wannan aiki a Doha, kuma wallahi har gobe akwai tagar da in zan tsaya a gabanta sai na yi bisimilla sau biyu.

Ni da tuƙi na zo daga Funtuwa. Aka haɗa ni da mandub ɗin kamfaninmu na lokacin, wani dattijo Basudane, Ustaz Usman, in riƙa kai shi ofisoshi. Wata rana ya ji ina karanta allon kan hanya da Larabci, ragowar karatun zaure na gidanmu. Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Ya Habu, ashe kana gani?" Washegari ya miƙo mini jakarsa.

Allah ya jiƙan Ustaz. Jakar nan baƙa ce ta fata, hannunta ya sha ɗinki har ba a gane zaren asali. A ciki akwai biro shuɗi guda biyu, shuɗi lalle, don ma'aikaci ya bambance sa hannu na gaske da fotokofi. Akwai hatimin kamfani a naɗe cikin hankici, da gam, da ɗan almakashi na rage hoton fasfo, da kwalbar turare. Turaren nan ba na kwalliya ba ne. In ka yini a layi cikin zafin nan, kafin ka kai taga kai kanka ba ka son warin kanka, balle wanda za ka roƙa. Kowace takarda kuwa fotokofinta uku, ɗaya ta ofis, ɗaya ta kamfani, ɗaya ta ranar da za a ce ba a taɓa ganin ta ba.

Na yi watanni ina riƙe da jaka a bayansa bai bar ni na buɗe baki a gaban taga ba. Cewa yake in kalla. Wace taga ce mai ita bai karya ba tukuna, a bar shi sai ya sha gahawa. Wane ne ke son doguwar gaisuwa, wane ne in ka wuce sallama zai ce maka yalla, yi sauri. Kada ka kai takarda mai matsala ana gab da kiran azahar. Kada ka yi gardama da wanda hatimi ke hannunsa, ka yi godiya ka fita, ka dawo gobe da fara'a kamar ba a kore ka jiya ba. A lokacin akwai masu buga tafireta a 'yan shaguna kusa da ofisoshi, ƙarar injinansu kamar ana sussukar gero. Nan muke zama mu mandubai, Basudane da Bamisire da Ba'indiye, ana zagaya shayi, kowa na faɗa wa ɗan'uwansa wace doka ce ta sake a wannan makon. Kai, zama ne mai daɗi. Yau shagunan sun zama wurin sayar da murfin waya.

Aiki ɗaya ne Ustaz ya hana ni taɓawa sai da na goge sosai, shi ne aikin mamaci. In ma'aikaci ya rasu, ƙofofin da za ka bi a jere suke, in ka tsallake ɗaya sai ka koma farko. Asibiti, takardar shaidar mutuwa, ofishin jakadanci, izinin binnewa ko na kai gawa gida, sannan takardar magada daga can ƙasarsu, a kawo ta a buga mata hatimi a nan, a kai kotu. Ƙofar ƙarshe banki. Ranar da banki ya ji mutum ya rasu, ranar yake rufe asusunsa, ko riyal ɗaya ba ya fita. Kuɗin sallamarsa na kamfani da ragowar albashi, duk dukiyar mamaci ce, kuma kun san hukunci tun a gida, sai an biya bashi sannan a raba gado.

To ku buɗe kunne a nan, ku da kowannenku ke da katin bashi a bayan waya. Katin nan da banki ke ba ka ka kashe yau ka biya ƙarshen wata, ba ya mutuwa in ka mutu. Ba a bin matarka, ba a bin 'ya'yanka, ba a bin ɗan ɗakinku, sai in wani ya sa hannu ya tsaya maka. Amma abin da ka bari, daga nan za a fara cira. In ya rage, na magada ne. In bai rage ba, sai iyalinka su samu akwatin tufafinka kawai. Wasu katunan akwai inshora a kansu, ana cire 'yan riyal duk wata, in rai ya yi halinsa ita za ta biya. Yawancinmu kuwa cewa muke a cire mana ita, wai kuɗin sun yi yawa. Na taɓa ƙwace katin wani mamaci a hannun abokansa a bakin kanti, za su sayi rago da shi don sadakar uku. Niyyarsu kyakkyawa, amma da sun goga katin nan da a ofishin 'yan sanda za su yi sadakar.

Shekarar korona ita ce shekarar da ta fi kowace muni a aikina. An rufe ofisoshi, an killace unguwar Sana'iyya inda kam ɗinmu yake, ba ka shiga ko'ina sai wayarka ta nuna kore, alamar ba ka da cutar. Ni da na saba karanta fuskar ma'aikaci kafin in yi magana, sai ga ni gaban takunkumi da gilashi. Kamfani ya rage albashi, wasu watannin ma sai rabin rabi. Aikin biza ya tsaya cik, aikin mamaci kuwa ya ƙaru.

A ɗaki ɗaya na kam akwai wani direban bas ɗinmu, Salisu, mutumin Gusau, mai yawan dariya, da wani dattijo mai gadi, Baba Isaka, ɗan Zangon Kumasi. Gadon Salisu a sama, na Baba Isaka a ƙasa, shekaru suna haka. Kullum cikin tsokanar juna suke. Salisu ya ce Hausar Baba Isaka ta sha ruwan teku, Baba Isaka ya ce shi dai bai taɓa ganin Bazamfaren da ya iya dafa wake da shinkafa ba. Da kulle ya yi tsanani, Salisu kaɗai ke da katin bashi a ɗakin. Da shi ya riƙa sayo buhun shinkafa da mai da kaji, duk ɗakin ana ci, da shi kuma yake ciro kuɗi ya aika wa iyalinsa. Ba a ɓoye yake yi ba, kowa ya sani. In an ce masa ya yi a hankali sai ya yi dariya ya ce in an buɗe gari obataim ɗin wata biyu zai share shi.

Ba a buɗe gari da shi ba. Zazzaɓi, tari, aka ɗauke shi, bayan mako biyu aka kira ni.

Ba a fitar da gawa a lokacin, nan za a binne shi, kuma mutum kaɗan aka yarda su je maƙabarta. Ni na je a matsayin kamfani, da liman, da Baba Isaka, da mutum biyu daga ɗakin, kowa da takunkumi, an ja baya da juna. Aka idar da salla. Kun san abin da ake yi a gida a daidai wannan wurin. Wani babba a dangi yakan fito ya ɗaga murya, ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo wurina, don a sauke masa nauyi kafin a rufe shi. Salisu ba shi da wa ba shi da kawu a Doha. Sai Baba Isaka ya tako gaba, ya ja takunkuminsa ƙasa kaɗan.

"Jama'a," in ji shi, "duk wanda yana bin Salisu bashi, shi zo wurina. Daga yau bashin shi a kaina yake."

Ɗaya daga cikin 'yan ɗakin ya ce akwai kuɗin katin waya, amma ya yafe. Liman ya yi addu'a, aka rufe shi, muka watse. A mota Baba Isaka yana ta hamdala, wai Salisu ya tafi da sauƙi. Ni dai tuƙi nake, amma na san akwai mai bin bashin da ba ya zuwa jana'iza.

Baba Isaka a lokacin ya gama da Doha. Ya haura sittin, ƙafafunsa suna kumbura da tsayuwa. Ya riga ya ba kamfani sanarwa, ya aika akwatunansa ta jirgin kago, ya karɓi mafi yawan kuɗin sallamarsa tun bara ya rufa gininsa a Kumasi. Jira kawai yake a buɗe filin jirgi. Takardunsa na fita ma suna cikin jakata.

Da takardar magada ta iso daga Gusau na kai banki, suka fito mini da lissafin katin. Tirƙashi. Da kuɗin ruwa da tarar jinkiri, bashin ya kusa cinye kuɗin sallamar Salisu ƙaf. Inshora kuwa ya sa an cire tun ranar da ya karɓi katin. Ga mace da yara huɗu a gida suna jiran wannan kuɗi.

Na sami Baba Isaka a rumfarsa ta gadi da hantsi na gaya masa. Ya murza carbi, sannan ya ce, "To, nawa ne kenan."

Na ce, "Haba Baba, ba naka ba ne. Banki ba ya bin ka ko sisi. Daga kuɗin Salisu za a cira, haka doka ta ce, haka shari'a ta ce."

"Yaran shi fa? Su ci me?"

"Abin da ya rage."

"Kai ka ce ba abin da zai rage."

Na ce masa maganar bakin kabari ai don irin bashin da ke tsakaninmu ake yin ta, kuɗin shayi, rancen tikiti, ba don banki ba. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Malam Habu, kana wurin. Na ce duk wanda yana bin shi, ko na ce ban da banki? Kuma shinkafan nan wa ya ci? Ba a cikin nan ya shiga ba?" Ya buga tumbinsa.

Don in karya masa gwiwa na kira matar Salisu, Hadiza, na sa wayar a fili. Baiwar Allah tana cikin takaba, muryarta da ƙyar take fita. Da na yi mata bayani sai ta ce, "Baba, don Allah a biya da kuɗinsa. Kada a bar shi da nauyi a kabari. Mu Allah ba zai hana mu abin da za mu ci ba." Na ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare, mai haƙƙi ta yarda. Sai Baba Isaka ya karɓi wayar.

"'Yata, kin yi maganan kirki, Allah shi yi miki albarka. Amma ni na riga ki. Kuɗin yaranki zai zo."

Ya miƙo mini wayar, ya koma ɗaga wa mota sandar ƙofa.

Abin da Ustaz ya koya mini shi ne, mandub ba ya zaɓa wa mutum ƙofa. Kana gaya masa abin da ke bayan kowace, in ya zaɓa sai ka raka shi. Na gaya wa Baba Isaka komai ba rufa-rufa. In ya sa hannu a banki, bashin ya zama nasa a gaban hukuma, ba a bakin kabari kawai ba. Ba zai yi tafiyar ƙarshe zuwa gida ba sai ya biya, in ya gaza kuwa kotu ce. Da albashin gadi, shekara biyu ce ko fiye. Na faɗa na sake faɗa, har na yi fushi na ce masa taurin kai ne ba tsoron Allah ba. Ya ce ya ji, in fito da takardunsa na fita in yaga.

Daga nan aiki ya dawo kaina, kuma a nan ne nake so mai cewa danna waya ya nuna mini maɓallin da ake dannawa. Sai da na fara shawo kan kamfani su janye sanarwarsa, su sabunta bataƙar mutumin da ya haura sittin a shekarar da ake sallamar matasa. Sannan banki. Mai kula da irin wannan fayil wani mutum ne mai furfura, mai natsuwa. Zuwan farko gaisuwa kawai na yi na ajiye takardu. Na biyu na tarar ransa a ɓace, na yi sallama na juya. Na lura ranar Lahadi, farkon mako a nan, aiki ya yi masa yawa, Alhamis hankalinsa na gida, sai na riƙa zuwa Talata da safe bayan ya sha gahawa. Buƙatata biyu, su yarda Baba Isaka ya ɗauki bashin ya biya wata-wata su saki kuɗin marayu, kuma su sauke kuɗin ruwa da tara.

Ranar da na kai Baba Isaka, mutumin ya duba fasfonsa ya duba na mamaci.

"Ɗan'uwansa ne?"

Na ce a'a, ƙasarsu ma ba ɗaya ba ce.

"To me ya haɗa shi da wannan?"

Na ba shi labarin abin da ake yi a wurinmu bayan sallar gawa, da abin da dattijon nan ya faɗa a gaban mutum huɗu. Ya cire tabarau ya goge, ya ce shi ma a garinsu kakanni suna yin haka. Bai yi alkawari ba, ya ce zai kai sama. Bayan 'yan makonni aka sauke tarar da kaso mai kyau na kuɗin ruwan. Baba Isaka ya sa hannu da biron Ustaz. Kafin wata ya ƙare kuɗin Salisu suka shiga hannun Hadiza cif.

'Yan ɗakin sun ɗan taimaka da farko, ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma an sallami wasu, wasu suka canza kafil wato ubangidan aiki, sauran kuma kowa da nasa. Aka bar dattijo shi kaɗai. Duk ƙarshen wata zai zo ofishina da kuɗi a ambulan, in kai, in dawo masa da rasit, ya ninke ya sa a hula. Ya daina shan karak, ya koma ruwan zafi da ganyen shayi ɗaya safe da yamma. Auren 'yarsa ta fari a waya ya kalle shi, a rumfar gadi, yana ɗaga sanda yana sharar ido. Ranar na ji haushin kaina, na ji haushin Salisu, na ji haushin katin, kuma ban ga wanda zan yi wa faɗa ba.

Gasar Kofin Duniya ce ta ƙarasa masa. Ku da kuka zo a lokacin kun ga gari ya cika ya batse, ana neman masu gadi ko ta halin ƙaƙa, obataim kamar ruwa. Aka kai Baba Isaka filin wasa na Sumama. Tun rana tsaka yake tsaye da ƙafafun nan nasa har a watse. Mutanen Kumasi da suka zo kallon ƙwallon ƙasarsu suka yi kiciɓis da shi wata rana a kasuwar Suk Waƙif, suka kewaye shi da ganguna da tutoci, wani na cewa, "Baba, ai an ce ka dawo tun tuni, akwatinka na can ya yi ƙura!" Ya yi dariya ya ce saura kaɗan. Bai kalli wasa ko ɗaya ba, ƙeyarsa ce ke fuskantar fili.

Bayan baƙi sun watse ya kawo ambulan na ƙarshe. Na kai, na jira, aka ba ni takardar shaidar cewa ba a bin sa komai, da hatimi da sa hannu. Na yi mata fotokofi uku. Na sake buga masa takardun fita, na yanko tikiti. Ana gobe zai tashi ya ce yana da wuri ɗaya da zan kai shi.

Da safe muka je maƙabarta. Layukan sun ƙaru sosai tun zuwanmu, sai da na duba lambar kabarin a tsohuwar takardar izinin binnewa sannan muka same shi. Ba kowa a wurin sai mu biyu, da wani lebura can nesa yana jan tiyo. Muka yi addu'a muka shafa. Na juya zan tafi, sai na ga Baba Isaka ya gyara tsayuwa, ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Jama'a! Duk wanda yana bin Salisu bashi, shi zo wurina!"

Muryarsa ta tafi har leburan ya ɗago kai. Baba Isaka ya tsaya yana jira, jira na gaske, yana duba dama da hagu. Ni kuwa na rungume jakar Ustaz a ƙirji. Da ya ga an daɗe ba wanda ya zo, sai ya dafa gwiwa ya sunkuya wajen kan kabarin, ya sassauta murya kamar mai magana da na gadon sama.

"Salisu, ka ji? Ba kowa. Khalas, an gama. Ni zan je gida."